Ragon Suna da Motar da Ta Koyi Rawa

Karaye, biyar da rabi na asuba

Muna sallame salla na tayar da mota, Inna a gefena, ragon suna a baya. Ƙanwata ce ta haihu a Rogo, ƙarfe bakwai za a raɗa suna, ragon kuma alkawarina ne. Jiya-jiya na karɓo motar daga garejin Sale Bakanike lafiya lau. Yau kuwa da na bar ta a silo, injin na aiki tana tsaye, sai ta kama kyarma kamar mai zazzaɓi.

"Bakin mutane ne," in ji Inna.

Na ce, "Hannun Sale dai."

Shingen hanya, shida da kwata

Ina taka birki ta mutu, na sake tayarwa ta ci gaba da kyarma. Jami'in ya leƙo ya ce, "Alhaji, rawar kyauta ce?" Ban yi dariya ba, don allurar mai ta riga ta yi ruku'u. Na sayi galan guda a wajen ɗan bumburutu, ta shanye kamar koko. Babu sunan da ban kira Sale da shi ba, Inna tana taya ni da "Allah ya isa."

Jajaye, bakwai saura

Nan ta mutu murus. Hankalina ya tashi, na hango a raina surukan ƙanwata zaune a tabarma ba rago. Aka nuno mini wani dattijo mai gyaran injin ban-ruwa. Ya duba fulogi, ƙalau. Ya kasa kunne ya ce, "Iska take zuƙa ta inda bai kamata ba." Ya zura hannu ya zaro wani siririn tiyo da ya fice daga mazauninsa, an shaƙe shi tam da igiyar laya.

"Wa ya ɗaura wannan?"

Inna ta gyara mayafi. "Ni ce, jiya da yamma. Mota ta fito daga gyara a bar ta haka ba tsari?"

Ya mayar da tiyon, mota ta yi luf.

Rogo, takwas da minti goma

Mun tarar an watse, an yanka ragon maƙwabci na aro. Namu ya maye gurbinsa. Aka ba mu waina da miyar taushe, na ci kaina a sunkuye.

Karaye, bayan la'asar

Mun iso gida lafiya, alhamdu lillahi. Na gode wa dattijon Jajaye da maƙwabcin Rogo. Na biya gareji na nemi gafarar Sale, ya yi dariya har da riƙe ciki. Inna kuwa har yau tana nan a kan bakanta:

"Ba don layar ba, da ba mu kai Jajayen ba ma."