Randunan da Goggo Mero Ta Fasa

Goggo Mero, yayar mahaifinmu, tun tana budurwa take ginin tukwane a Ruma. Daga bakin daji take haƙo yumɓunta, har shekarar da 'yan bindiga suka hana kowa leƙa wajen, ta taso Batsari daga ita sai hannuwanta.

Ƙasar da ta samu a gari ba ta jure wuta, rabin abin da ta gasa sai ya tsage. Maƙwabcinta Muntaka, wanda yunwa ta mayar mai fasa matattun batura yana narka dalma, ya ce ta ɗebi lallausar ƙasar bayan gidansa, inda yake zubar da tokar aikinsa, ta haɗa. Ta haɗa kuwa. Randuna goma sha huɗu suka fito lafiya lau, ta jera su jiran ranar kasuwa. Su ne abincinta na daminar shekarar gaba ɗaya.

Ana haka rediyonta ya mutu, ta kai wa Armaya'u mai gyara. Ya zaro wani ɗan abu kamar ƙwayar wake, ya ce sunansa kwandensa, wuta yake tarawa.

"Sana'arku ce, Goggo. Gasasshiyar ƙasa ce wannan."

Ya ƙara da cewa wasu irinsa da dalma ake haɗa su, masana kuma suna ta faman cire ta, don guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yara. Goggo ta tambaya ko irin wadda Muntaka ke narkawa. Ya ce ita ɗin ce.

Ko rediyon ba ta ɗauka ba. A ƙofar gida ta tare Muntaka, ta faɗa masa abin da ta ji. Ya ce shi ma yana jin ana faɗa, amma ai wuta ta ƙone komai.

"Ashe ka sani? Wasu can suna wahalar cire ta daga abin da bai kai wake ba, ni ka sa na zuba ta a randar ruwan 'ya'yan mutane?"

Ta shige gida ta ɗauko taɓarya. Matan unguwa suka roƙe ta ta sayar ko don ajiyar hatsi. Ta ce randa in ta bar hannunta, ruwa za a zuba mata, ba mai bin ta ya hana. Ɗaya bayan ɗaya ta fasa su, ta kwashe ɓaraguzan ta binne nesa da rijiya.

A gidanmu ta ci tuwon daminar nan, tana ci tana zagin Muntaka. Har ta rasu ba ta sake amsa gaisuwarsa ba.