Hoton da Ba a Yi wa Sallama Ba

Matso kusa, 'yar'uwa, ki ji tafiyar da aka ja ni, ni da ko ƙofar gida sai dole. Tun da maigidana Alhaji ya yi ritaya ya tare a kicin ɗina, har gishiri yake auna min. 'Yarmu ta sa shi ajin koyon hoto na council, ƙaramar hukumarmu a nan Landan, na samu na sha iska. Sai malamar ta ce ran Litinin kowa ya kawo hoton mutum a titi wanda bai san ana ɗaukarsa ba, in babu a ba wani kujerarsa. Kin ga kicin ɗina na cikin haɗari.

Abbey Wood, 6:10 na safe

Ran Juma'a muna idar da asuba muka fito, sai ka ce masu zuwa Maiduguri. Minti ashirin da biyar jirgin ƙasa ya sauke mu a Tottenham Court Road. Shagon kyamara kuwa sai goma yake buɗewa. Muka yi masa gadi kyauta, muna kurɓar shayin fam uku mai ɗanɗanon ruwan ɗauraye kofi.

Shago, 10:00

Mai shagon ta miƙo wata 'yar ƙaramar kyamara kamar sabulun wanka. Ta ce ita ce ta titi, ba mai lura da kai.

"Hajiya, ji raini," in ji Alhaji. "Da furfurata zan riƙe wannan?"

Ya zaɓi wata mai baki kamar taɓarya.

Na ce, "Ka kyauta, Alhaji. Ko daga Kano za a hango ka ɓuya."

Regent's Park, 1:40

An sauko daga masallaci, Alhaji ya hango wani tsoho a durƙushe yana ba tattabaru burodi. Hoto ya haɗu. Maimakon ya danna, sai ya ƙarasa: "Salamu alaikum, Baba. Ya sanyi? Ya iyali?" Tattabaru suka watse, tsoho ya miƙe ƙyam kamar soja.

"Alhaji, a wannan sana'ar ba a sallama!"

"In ɗauki bawan Allah ban gaishe shi ba? Ɓarawo ne ni?"

Wani ɗan Gana ya ƙwala wa abokansa kira: "Ku zo, mai hoto ya zo!" Hoto arba'in muka samu, duk na fasfo.

Gida, 4:30

Alhamdu lillahi, Allah Ya dawo da mu lafiya, sannunku ƙafafuna. Alhaji na duba hotunan sai ya yi kabbara: guda ɗaya ya fita. Ni ce a jirgin dawowa, ina sharar barci, baki buɗe, ɗankwali ya karkace. Duk Landan ni kaɗai ce bai yi wa sallama ba.

To ke a ganinki, in bari a kafa ni haka a bangon council, ko in goge ya dawo min kicin?