Gonar Gwani Azariya

A Kagoma, in ka ji an kira mutum gwani, duba da kyau, akwai gonar da ake so a nome. Azariya bai taɓa dubawa ba.

Gaskiya Allah ya ba shi hannu. Makaranta ta gagare shi, waƙar coci ma in ya ja baiti sai fasto ya sunkuyar da kai. Amma ya ɗaga galma ya tara tudun doya, ka rantse ƙwarya aka kife.

Mutanen gari suka gano lagonsa. Dattijo zai tsaya bakin hanya ya ce, "Gwani! Gonata tana kukan rashinka." Shi ke nan, Azariya ya saɓa galma, ƙirji a gaba. Har daga Gwantu ake zuwa da babur a ɗauke shi. Ladansa kunu da kirari.

Bana ruwa ya sauka, kowa ya shuka, gonar gwani kuwa ciyawa har ƙugu, irin doyarsa yana tsiro a ɗaki. Matarsa Afiniki ta hango shekarar da ba sakwara. Ta yi faɗa, ta yi addu'a, ta kai ƙara wurin fasto. Fasto ya ce zai ja masa kunne da zarar ya gama gonar coci.

Ran Lahadi a ƙofar coci, Afiniki ta ɗaga murya cikin matan zumunta: "Kun ga tudun Henry kuwa? Yaron nan shi ne gwani. Nawa ya tsufa, baya ya tafi."

Henry ɗan maƙwabta ne, ƙato, mai son yabo. Kafin wata Lahadi babura sun koma ƙofarsa.

Azariya ya wuni a gindin mangwaro, ba wanda ya kira shi.

Da Afiniki ta kawo masa tuwo, ya kira ta da sunan ɗansu: "Maman Jason, wai ni ne na tsufa?"

"Ni ban sani ba o, Baban Jason. Henry dai ya ce gonarka dutse ne, ko shi ba zai iya ba."

Ko tuwon bai ƙarasa ba. Ya faɗa wa gonar kamar ta zagi uwarsa, Afiniki na biye da kwandon iri tana binnewa. Duk sanda ya miƙe ya dafe ƙugu, sai ta yi tsaki ta ce, "Ayya, huta. Daidai nan Henry ya ce za ka gaji."