Masarar Da Aka Ɗaure Wa Rama

Ko yanzu da haƙorana suka ƙi masara, akwai wata gasasshiyar masara da ba za ta fita raina ba har in koma ga Allah. Lokacin jirgin ƙasa bai ma iso Gusau ba, ni kuma ban fi wata biyar da aure a Ruwan Bore ba. A ruga na tashi, can wajen Bungudu. Na san tatsa, na san kaɗa nono, amma noma ko oho. Ga ni da rawar kai, ba na tambaya don kada a ce baƙauya ce.

Shekarar ta biyo bayan wata muguwar yunwa. 'Yar masarar da surukina ya shuka a bayan gida ita ta riƙe mu tsakiyar damina, kafin gero ya nuna, har ta kusa ƙarewa. Ana nan sai aka ce mahaifina zai biyo ya gan ni. Surukata ta ba ni zakara, ta ce in yi wa baƙo abin da na iya, ta wuce gidan suna.

Maigidana ya yanka ya koma gona. Na fige, na tsaga zakaran, na shafe shi da gishiri da barkono da man shanu, na soke a itace kusa da garwashi. Na zaga neman masara, na tarar duk ƙanana suka rage, sai wasu manya goma sha biyu da aka ɗaure wa rama a wuya. A wautata na ce ai waɗannan na baƙi ne aka ware. Na karye su tas, na jera a wuta ina juyawa, ƙamshi ya cika gida, ni kuwa sai jin kaina nake.

Na kai musu zaure, mahaifina da surukina. Surukina ya ɗauki ɗaya, ya juya ta a hannu, ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi bismilla ya ci, har yana tura wa mahaifina cinyar kaza. Mahaifina ya tafi yana sa albarka, yana cewa 'yarsa ta faɗa gidan wadata.

Sai da surukata ta dawo ta ga ramar a zube bakin murhu ta dafe ƙirji. Ta ce wannan ita ce irin baɗi, babu sauran ko ƙwaya a gidan, kuma a garin ba mai rarar da zai ba wani.  Na yi kuka, na fara tunanin hanyar ruga.

 Washegari surukina ya ɗauki fartanyarsa ya fita, sai bayan kwana huɗu muka gan shi. Ashe Tsafe ya taka da ƙafa, da furfurarsa ya yi wa wani noma, aka sallame shi da masara huɗu. Ya sa aka kira ni. Na durƙusa nesa, ina jiran faɗa.

Ya ce, "Ɗiyata, laifin namu na, da ba mu gwada miki ba. In na yi magana rannan, da mi babanki za shi koma gida? Amshi wagga, ki rataye bisa murhu ta sha hayaƙi. Daga yau ke ka riƙon iri gidanga."

Na karɓa, na rataye bisa murhu. Shekara arba'in ina riƙe da irin gidan, bai taɓa yankewa ba. Har gobe ina yi wa bawan Allahn nan addu'a, domin a wurinsa na koyi cewa wanda ya yi kuskure don rashin sani, a rufa masa asiri tukuna, sannan a koya masa.