Jinin Da Ya Zuba A Daɓen Amarya

Shekaranjiya na bi ta bayan kasuwar Kalgo, sai warin makuba ya doki hancina. Wata mata ce ta jiƙa ɓawon ɗorawa a tsohuwar randa. Idan kai ɗan zamanin tayil ne ba lalle ka san shi ba: ruwan nan ake yayyafa wa ƙasa lokacin daɓe don ta yi ƙarfi. Ina shaƙar sa Goggo ta faɗo mini a rai.

Goggo ƙanwar mahaifina ce. Ita ce mace ta farko a gidanmu na Gwandu da ta yi boko mai zurfi, har ta zama shugabar wata makarantar 'yan mata. Idan ta zo hutu da motarta, ko Baffa, babban wansu, sai ya gyara zaman hularsa. Sai ga ta wata bazara a motar haya da akwatuna. Wai ta shiga ofis da safe ta tarar da wata a kujerarta, yarinyar da ita ta koyar. Ba a ce ta yi laifi ba, an dai ce ta je gida ta huta.

Ba ta huta ba, mu ma ba mu huta ba. Ta fasa tulu don an ajiye shi a hanya. Ta jefi akuya da taɓarya ta karya mata ƙafa. Ni da bakin tsiyata na gaishe ta da "Firinsifal" yadda na saba, ta shaƙe ni ta haɗa kaina da bango, sai da Inna ta ɓamɓare yatsunta daga wuyana. Na tsane ta a lokacin, tsana mai tsanani. Baffa ya fara maganar a sa mata marin ƙarfe a ƙafa a kai ta gidan mai maganin taɓin hankali. Kowa ya san macen da ta shiga can, ko ta fito, sunan mahaukaciya zai bi ta har kabari. Kaka ce kaɗai ta ƙi.

Ana cikin haka aka sa ranar daɓen ɗakin wata amarya 'yar danginmu a Maruda. Kaka ta tisa Goggo gaba, ni ma na bi su da tulun makuba. Rana ta take, ƙasa kamar garwashi. Mata suka durƙusa a jere cikin ɗakin, kowacce da madaɓinta, katako mai nauyi, suna dukan tsakuwa da jar ƙasa a tare. Daɓe yana da dokarsa: ana bugu ana waƙa, kuma duk wadda ke wurin ana iya saka ta a waƙar, ko matar hakimi ce, ba ta da ikon fushi. Amshi kawai za ta yi. Goggo ta bar gida tun tana ƙarama, ta san dokar ofis, ba ta san wannan ba.

Taubashiyarta, wata doguwa mai wushirya, ita ke ba da waƙa. Ta ɗauko waƙar mai kujerar da aka ture, ta ce ga ta yau gwiwa a ƙasa kamar kowa. Mata suka amsa da shewa. Goggo ta miƙe. Na ga madaɓin ya tashi sama, na ji ƙarar saukarsa a goshin matar, kamar an fasa ƙwarya. Jini ya yi tsartuwa har bango, ya kwanta a kan sabon daɓen, ƙasar tana shanye shi. Aka kwashi taubashiya ranga-ranga. Uwar amarya ta ɗora hannu a ka, don ba a kai amarya ɗakin da jini ya shiga ƙasarsa.

Kafin la'asar Baffa ya iso da marin a cikin buhu. Kaka ta tsaya a ƙofar ɗakin, 'yar ƙanƙanuwar tsohuwa, ta ce masa: "Ɗiyata ba ta hauka, haushi ne ya cika mata ciki. Wadda ta ɓata ɗaki ita ka gyara shi. In ta kasa, zo ka ɗaure."

Goggo ta tone daɓen gaba ɗaya, ta kwashe ƙasar a kanta, ta zubo sabuwa. Ita kaɗai ta yi ta bugu, gari ya waye ta koma. Tafukan hannunta suka yi bororo, suka fashe, Kaka ta naɗe su da tsumma don kada jini ya sake ɗiga. Tana bugu tana zagi, daga baya tana bugu tana kuka. Amma hannu ɗaya ba ya daɓe ɗaki, tana gama nan can ya tsage. Baffa yana zaune a gindin dalbejiya da buhunsa.

Sai ga taubashiya, kai a naɗe, ido ɗaya a kumbure. Ta durƙusa kusa da Goggo, ta ɗauki madaɓi, ta ɗauko waƙar nan dai, daga inda ta tsaya. Goggo ta daɗe tana kallonta, sannan da murya a dushe ta yi amshi. Sauran mata suka shigo ɗaya bayan ɗaya, Baffa ya saɓi buhunsa ya tafi.

Daga nan Goggo ta shige cikin matan. Ita ke nemo musu aiki ƙauye-ƙauye, ita ke auna ɗaki. Da siminti ya kashe daɓe, ta kwaso su zuwa Kalgo suka koma buga bulo, lokacin da gine-gine suka tashi saboda jami'a. Na fi jin dariyarta a filin bulon nan fiye da duk shekarun da take firinsifal.

Bara ni ma aka sauke ni daga muƙamin darakta. Yanzu ba ɗakin da za a ba mace ta daka, sai ta kulle ƙofa ta yi ta latsa waya, haushin yana cin ta a ɓoye. Da na gaji da hakan na je wurin Goggo. Ta tsufa, tana kan tabarma a filin bulo tana duban ma'aikata. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Wa kinka buga?"

Na ce ban bugi kowa ba.

"To kin fi ni. Tuɓe takalman ga, yashi na jiran ki."