Malam Isiyaku Telan Tawada da Asalin Angon Ruƙayyatu

Ƙarfe shida na safe Malam Isiyaku yake fitowa daga ɗakinsa a unguwar Ud da ke Riyad, ya tsaya bakin titi har motar ma'aikata ta zo ta kwashe su zuwa wani ƙaton sito da ke bayan kasuwar kayan gwari ta Aziziyya. Siton na wani kantin littattafai ne. A can yana da tebur, da kujerar da aka ɗaure wa ƙafa ɗaya da waya, da kwalin baƙaƙen alƙaluma masu kaurin baki, irin waɗanda ake rubuta suna da su a jikin buhu. Za a buɗe kwali, ya zaro littafi ko mujalla, ya dubi bango. In ya ga damtsen mace, ya shafe. In ya ga wuya ya yi nisa, ya shafe. In ƙwauri ne, ya ja siket har idon sawu. Shekara ashirin da biyu yana ɗinka wa matan ƙasashen waje riguna da tawada, kuma ba wadda ta taɓa dawowa ta ce ɗinkin ya matse ta. Shi ya sa muke ce masa Telan Tawada.

A ƙarshen watan nan zai tafi gida. Mudir ɗinsu, wato manajan siton, ya ce yanzu ba a cika buƙatar aikin ba, idanunsa kuma sun gaji, an buga masa fita ta ƙarshe a fasfo. Na san ba za a yi masa walima ba, don haka na ce bari in rubuta abin da na gani da idona, ko da yake ba ni da kyan gani a cikin labarin.

Mu da muke haɗuwa ranar Juma'a a gidan Alhaji Jibrin a unguwar Nasim, ba mu ɗauki Malam Isiyaku a bakin komai ba. Mun san ya taɓa koyar da Turanci a wata firamare a Kazaure, mun san yana da kyan karatu har mukan tura shi gaba in sallah ta riske mu, shi ke nan. Yana zuba shayi, mu kuma muna gyara duniya.

Sai shekarar 2016 ta kawo mana maganar Ruƙayyatu.

Ruƙayyatu 'yar Alhaji Jibrin ce. A nan Riyad aka haife ta, Larabcinta ya fi Hausarta tsayuwa, tana aikin gwajin jini a wani asibiti, shekarunta talatin da ɗaya. Ta kawo manemi, sunansa Kamil, Musulmi ɗan Musulmi, malamin Turanci a wata makaranta. Laifinsa ɗaya: baƙar fatar Amurka ne. Kwantiraginsa zai ƙare nan da mako shida, yana so a yi abin bisa ƙa'ida kafin ya tafi. Ita kuma ta gaya wa mahaifinta magana ɗaya: "Baba, in kun ce a'a, na haƙura, ba zan saɓa muku ba. Amma shi ke nan, kada a ƙara kawo mini maganar wani har in mutu." Duk wanda ya san ta ya san ba barazana ba ce, sanarwa ce.

A gida, in aka zo neman aure, akan tura mutum garin su yaro ya yi bincike. Ya zauna wurin mai shayi, ya yi sallah a masallacin unguwa, ya tambayi maƙwabta: akwai hauka a gidan? Akwai sata? Uban yana riƙe mace? To amma wa zai tashi daga Riyad da iƙamar direba, takardar izinin zama, ya tafi jihar Jojiya ta Amurka ya zauna wurin mai shayi? Sai muka yi abin da ya fi sauƙi. Muka ci shinkafar kabsa, muka wanke hannu, muka yi binciken a zaune.

Babban mai ba da shaida shi ne Mamane, direba ne daga Damagaram, wanda ya shafe shekara goma yana jiran uwar ɗakinsa a ƙofar kantuna yana kallon fim a waya.

"Alhaji, ni na san mutanen nan kamar yunwar cikina," in ji shi. "Ba su aure. In sun yi ma, wata uku ne. Namiji ya fita sayo madara, sai bayan shekara ashirin a gan shi a gidan yari. Kowa da bindiga a wando, wandon ma a gwiwa. Ka taɓa ganin ɗayansu ya tsufa da matarsa? Ni dai ban gani ba, kuma wallahi na kalli ya fi dubu."

Kowa ya gyaɗa kai. Ni kuma, da yake an ce na yi jami'a, na ɗauki maganar Mamane na sa mata babbar riga. Na ce "rugujewar tsarin iyali", na ce "bincike ya nuna". Ban faɗi wane bincike ba, ba kuma wanda ya tambaya. Alhaji Jibrin ya yi ajiyar zuciya, ya buɗe baki zai yanke hukunci.

"Alhaji, a ba ni izini in ce wani abu."

Muka waiwaya muna neman mai maganar. Malam Isiyaku ne, butar shayi a hannunsa.

Ya ce a cikin kwalayen da ake kawo masa akwai littattafan soyayya na baƙaƙen Amurka, waɗanda ma'aikatan jinya da malamai ke saye. Ranar da ya fara cin karo da su, ya ɗaga alƙalami ya kasa saukewa. "Fatar Baturiya in na shafa mata baƙi, kowa ya san an shafa. Waɗannan kuwa sai na ga kamar hannun ƙanwata nake shafewa. Sai na ce bari dai in ji me suke cewa a ciki." Daga nan duk lokacin hutun azahar, in an rufe sito, sai ya karanta. Ya ce ya wuce ɗari huɗu.

Ni dai shayin da ke bakina ya bi ta hanci. Ɗari huɗu! Ni da na yi digiri a kan adabi, rabona da gama littafi tun kafin a haifi autana.

Mamane ne ya fara farfaɗowa. "La ilaha illallahu! Malam, ashe batsa kake karantawa, mu kuma muna bin ka sallah?"

"Inda suka rufe ƙofar ɗaki nakan tsallake shafi uku," in ji Malam Isiyaku, ko gezau. "Kai fa, ka taɓa tsallake inda ake harbi?"

Sai ya fara ba mu labari, mu kuwa baki buɗe. Wani mai raba wasiƙu da ya shafe shafi ɗari uku yana gyara wa wata bazawara matakalar ƙofa, don ya kasa ce mata yana son ta. Wani tsoho da ya koyi kitso saboda hannun matarsa ya shanye. Wata mata da ta ƙi wani attajiri don ya yi wa ma'aikaciyar gidan abinci tsawa a gabanta. Bai ɓoye mana sauran ba: akwai cin amana, akwai saki, akwai uban da ya gudu, akwai gidan yari. "Kamar dai unguwarmu," in ji shi.

Na ga dama ta samu, na ce, "To ai Malam, wannan ma ƙage ne. Ƙaryar fim da ƙaryar littafi, wace ce ta fi wata?"

"Duk ƙage ne, Malam. Ban ce a ba shi yarinya don na karanta littafi ba. Amma finafinan da ke isowa wayar Mamane, yawanci an yi su ne don masu son ganin baƙin mutum yana gudu. Waɗannan kuwa matansu ne suka rubuta wa junansu abin da suke fata da abin da suke tsoro. Ba su gaya mini halin Kamil ba. Sun dai gaya mini ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Mu uban yaro muke tambaya. Su kuwa, a littafi goma, tara akwai wata tsohuwa, kaka ko gwaggo, wadda kowa ke tsoro, wadda ba ta yi wa kowa ƙarya don ta gama jin kunyar duniya. Ku ce ya ba ku lambarta. In babu ita, ni ma na ce a'a."

Kai ne, Malam Isiyaku, ka tuna mana cewa bincike tambaya ce, ba zaman cin shinkafa ba. Gishiri, ba ka da ado a kasuwa, amma in babu kai miya ta zama ruwa.

Akwai ta kuwa. Kakar Kamil ce, sunanta Loretta, shekara tamanin da huɗu, mai zuwa coci, don uban Kamil ne ya fara musulunta a gidan. Juma'ar da ta biyo baya, bayan la'asar, lokacin can gari ya waye, aka jingina waya da tulun turare a kan tebur. Malam Isiyaku ne tafinta. Mun shirya tambayoyi shida.

Fuskarta ta bayyana, da tabarau, da hular zuwa biki, da littafin rubutu a gabanta. Alhaji Jibrin bai kai ga "ina gajiya" ba ta katse shi.

"Ta ce wane ne uban yarinyar a cikinmu," in ji Malam Isiyaku. "Ta ce tana da tambayoyi goma sha bakwai."

Mu da muka zo bincike, sai ga mu a kan tabarmar tuhuma. Mata nawa gare shi? Ya taɓa dukan uwar yarinyar? In Kamil ya ɓata wa yarinya rai, 'yan'uwanta maza nawa za su zo masa? A cikinmu wane ne yake rubuta wasiƙun nan na ɗan sarkin da ke neman wanda zai ajiye masa gado, don ita an aiko mata sau uku? Sannan ta gyara tabarau ta ce, wata maƙwabciyarta ta ba ta finafinan Najeriya, ta ga mace tana barbaɗa wa miji wani gari a miya har ya koma bin ta kamar akuya. Shin yarinyar nan ta iya wannan?

Mamane ya zabura. "Kai! Gaya mata wannan ai fim ne kawai! Wa yake auna mutane da fim?"

Kallonsa kawai muka yi har ya koma ya zauna a hankali, ya shiga gyaran hular da ba ta karkace ba.

Da Alhaji Jibrin ya amsa dukkan goma sha bakwai, yana gumi a cikin sanyin na'ura, sai ta ce to, yanzu ya yi tasa. Ya tambayi halin yaro. Ta ce yana da taurin kai, ba ya iya dafa ko ruwan zafi, in ya yi fushi yakan yi shiru kwana biyu. Ubansa ya bar gida yana ɗan shekara tara, ita da mijinta suka rene shi, kuma shi ya yi jinyar tsohon wata bakwai har ya cika, bayan aurensu na shekara hamsin da ɗaya. Duk wanda ya taɓa zuwa bincike ya san shaidar da ta fara da aibu ita ce abin riƙewa.

Sai Alhaji ya yi tambayar da muka fi ji da ita: "A tambaye ta asalinsu."

Ta tashi, ta dawo da wani tsohon Baibul, ta buɗe shafin farko, inda aka rubuta sunaye da hannu daban-daban. Ta bi su da yatsa tana karantawa, wane ya haifi wane, wance ta auri wane a shekara kaza, har hawa bakwai. Alhaji, wanda bai san sunan kakan kakansa ba, ya fara matsowa kusa da wayar. A can sama akwai suna ɗaya tilo na mace, babu na uba, babu gari. Tsohuwar ta ɗora yatsa a kai, ta dube mu, ta faɗi wata magana.

Na riga kowa jin Turancin. Na dubi Malam Isiyaku ina roƙonsa da ido ya sassauta. Mutumin da ya ci abinci shekara ashirin da rufe abin da bai kamata a gani ba, ranar bai rufe komai ba.

"Ta ce, daga nan zuwa sama ku tambayi mutanenku. Su suka san wanda ya sayar da ita."

Alhaji Jibrin ya sunkuyar da kai ya daɗe. Da ya ɗago, idonsa ja, cewa ya yi, "Malam, gaya mata na gama tambaya. Tambaye ta ko ita za ta karɓi tamu." Ta ce sai ta ga yarinyar ita kaɗai. Aka miƙa wayar cikin gida. Minti arba'in muna zaune muna jin dariyar mata biyu ta bango, ba mu san wa ake yi wa ba, amma kowannenmu yana da zato.

Bayan mako uku aka ɗaura aure. Da liman ya ce ina wakilin ango, aka fara kallon-kallo, don Kamil ba shi da ko ɗan'uwa ɗaya a ƙasar. Ashe tsohuwar ta riga ta yi naɗi. Ta ce wa jikanta, mutumin nan mai shiru da bai tauna mata magana ba, shi zai tsaya mata. Malam Isiyaku ya matso da farar rigarsa, yatsunsa da tabon tawada. Liman ya dube shi, ya dubi ango, ya ce, "Malam, me ka haɗa da shi?"

"Na san gidansu," in ji shi. Ya karɓi auren.

Shekara biyu ke nan. Suna can, suna faɗa suna shiryawa kamar sauran bayin Allah, kuma an ce har yanzu bai iya dafa ruwan zafin ba.

Malam Isiyaku, mun gode. Allah ya kai ka gida lafiya, ya ƙara wa idanunka haske, ya saka maka da abin da mu ba mu iya saka maka da shi ba. Ka hana mu kashe auren 'yar mutane da shaidar da ba mu da ita, alhali muna ganin addini da al'ada muke karewa.

Mu kuma da muka rage, musamman masu takardu irina, mu yi koyi da shi. In an kawo mana maganar mutanen da ba mu sani ba, mu nemi abin da suka faɗa game da kansu, sannan mu tashi mu tambayi mai rai. Kuma kafin mu jera tambayoyinmu shida, mu tuna cewa a can ma wata tana zaune da goma sha bakwai.