Yadda Na Bi Sawun Tukunyata Har Adabraka

Nima

Daga sallar asuba na fita, da mayafina na zuwa Makka. Washegari sunan jikata, kuma babbar tukunyata ta shinkafa da wake ba ta gida. Sadiku ɗan makwabciyata ne ya ara. A Zongo ba a tambayar mai aron tukunya dalili, ko dai biki ko rasuwa. Ashe shi ba ko ɗaya. Uwarsa ta ce wai yana aikin fasaha a Adabraka.

A tirotiro, motar haya, kwandasta ya ce, "Maame, ki matsa."

Na ce, "Ɗana, tun kafin a yi kwaltar nan nake zaune a garin nan. Sai dai kwaltar ta matsa."

Tudu

Nan na sauka na sha koko da ƙosai. Kokon ya yi ruwa, na gaya wa mai shi. Sauran hanyar a ƙafa na yi.

Adabraka

Wani ɗaki ne fari fat. A tsakiya Sadiku ya gina samfurin unguwarmu Nima kaf da gwangwanaye da tsofaffin ƙarafa, har da lungunanmu da babbar kwata. Wata yarinya na ta ɗaukar hoto. Can na hango tukunyata a kife bisa masallaci, ta zama kubba. Ya huda gindinta ya kafa jinjirin wata.

"Sadiku, da me zan dafa wa mutane gobe?"

"Kaka, gari ne na sake wa fasali."

"Ka sake wa uwarka."

Amma wace musulma ce za ta cire wa masallaci kai? Na ce ya nuna mini gidana. Ya nuna wani gwangwanin kifi, ɗan mitsitsi. Na tura shi ya samo mini ruwa. Kafin ya dawo na ɗauke gwangwanin kifin, na ɗauko ƙaton gwangwanin tumatir daga ragowar kayansa na ajiye a gurbinsa. Na ce wa yarinyar, "'Yata, ɗauki." Ta ɗauka tana danne dariya.

Komawa

A Tudu Sadiku ya sayi sabuwar tukunya. Kwandasta ya ce ba ta shiga mota, sai Sadiku ya ɗora ta a ka, ina biye da lema, har Nima.

Alhamdulillahi, an yi suna, kowa ya ƙoshi. Na gode wa yarinyar nan. Hoton da ta ɗauka aka rataye a farin ɗakin, kuma baƙi suna ta tambayar wane attajiri ne ke da gidan benen nan na bakin kwata.